Kundin aiki: kwaikwayon zanen furannin Rachel Ruysch na 1700

12 Janairu 2025

Aikin kashi biyu ne. Na farko, in kwaikwayi zanen furanni guda na Rachel Ruysch, mai zane 'yar ƙasar Holan, da fentin mai, a kan ƙyalle mai girman na asalin. Na biyu, in rubuta tarihinta da Hausa a manna kusa da shi a ɗakin da nake koyar da zane, don ɗalibaina, waɗanda yawancinsu 'yan mata ne, su san mai aikin da suke kallo.

Wanda na zaɓa shi ne na 1700, da ke rataye a gidan adana zane-zane na Mauritshuis a birnin Hague na ƙasar Holan. Tsawonsa ya kusa santimita 80, faɗinsa 60. Ba shi ne mafi ƙawa a ayyukanta ba. Abin da ya ja ni gare shi kara guda ne a cikin damin furannin, wanda aka yanke kansa, aka bar gurbi inda ya kamata a ga furen popi. Sauran furannin ma sun fara sunkuyar da kai. Masu zanen zamaninta da yawa kan cika tulu maƙil da furanni a ranar da suka fi kyau, ita kuwa ta yarda ta nuna dami da ya kwana biyu a ɗaki. Mai irin wannan ƙarfin hali nake so in fahimci yadda hannunta ke tafiya.

Gidan tarihin ya sa hoton zanen a intanet da girman da za a iya leƙa ƙananan wurare. Na buga shi a takarda babba, amma don launi allon kwamfuta na fi amincewa da shi.

26 Janairu 2025

Kafinta ya haɗa katakon, na ɗaure ƙyallen, na shafa masa share fage. Yau na zuba duhun baya. Ba baƙi ƙirin ba ne: ruwan ƙasa mai duhu ne da ɗan shuɗi a ciki, don baƙi tsantsa kan kashe duk launin da ya zauna kusa da shi.

Wannan duhun ta gaje shi ne daga malaminta, Willem van Aelst. A 1679, tana da shekara 15, aka kai ta koyon aiki wurinsa a Amstadam, babban birnin Holan, kuma ba kasafai ake kai 'ya mace koyon sana'a gidan wani ba a lokacin. Shi ya shahara da karkatar da damin furanni gefe guda maimakon tsayar da shi cak a tsakiya, da kuma jefa haske a wuri ɗaya a bar sauran su nutse. Ya rasu a 1683, lokacin ita ta riga ta fara sa hannu a nata ayyukan.

Ƙurar hunturu ce babbar damuwata. Fentin mai yana daɗewa bai bushe ba, duk abin da iska ta kwaso sai ya manne. Ina jingina ƙyallen fuskarsa na kallon bango, in rufe tagogi da jiƙaƙƙen zane.

9 Fabrairu 2025

Kafin duhun ya bushe na koma kan rubutun, kuma babin gidansu ya ci mini lokaci fiye da yadda na zata, don ba a gane zanenta sai an shiga gidan nan.

An haife ta a Hague ranar 3 ga Yuni 1664, iyalin suka koma Amstadam tana ƙarama. Mahaifiyarta Maria Post 'yar Pieter Post ce, mai tsara gine-gine, wanda yana cikin waɗanda suka yi aikin ginin Mauritshuis ɗin da zanen jikarsa ke ciki a yau. Mahaifinta Frederik Ruysch likita ne masanin sassan jikin ɗan Adam, kuma malamin ilimin tsirrai. Ya ƙware wajen ɗura wani haɗi a jijiyoyin gawa da adana sassan jiki a kwalabe har su yi kamar masu rai. Ɗakunan gidansa cike suke da kwalabe da ƙasusuwa da busassun tsirrai da ƙwari da ƙadangaru na ƙasashe masu nisa, kuma baƙi na zuwa kallo daga ko'ina a Turai. Sarkin Rasha, Peter, ya ziyarce shi, daga baya a 1717 ya saye tarin gaba ɗaya kan gilda 30,000 (gilda kuɗin Holan ne na lokacin) aka kwashe zuwa birnin St. Petersburg, inda wani sashe nasa yake har yanzu.

Ba zan ɓoye wa ɗalibai cewa wasu abubuwan tarin nan masu tayar da hankali ne ba, har da gawarwakin jarirai da yake yi wa ado da leshi da furanni. Ni ma ba na jin daɗin karanta wannan sashen. Amma abin da nake so su riƙe shi ne yarinyar ta tashi a gidan da kallo aiki ne. A nan ake ɗaukar ƙwaro a juya shi, a ƙirga ƙafafunsa, a duba inda fiffike ya haɗu da jiki. Wanda ya girma haka ba ya zana “fure” kawai, sai dai ya zana wannan furen, mai wannan tabon, a wannan ranar tasa. Ƙanwarta Anna ma ta yi zane, kuma hannunta ya yi kama da na yayar har wani lokaci masana kan sha wuyar rarrabewa.

23 Fabrairu 2025

Na fitar da surar furannin da farin alli a kan duhun, sannan na fara shimfiɗa launin farko: kowane fure dunƙule guda, babu ƙananan bayanai. A wannan matakin zanen ba ya burge kowa, kuma haka ya kamata.

Da nake auna wuraren ne na ga yadda aka gina shi. Ido na shiga ta ƙasa, ya bi karan da suka lanƙwasa, ya haura ta tsakiya inda fararen furanni da masu ruwan hoda suka tattara haske, ya fita ta sama a ɗaya gefen. Wasu furannin sun juya mana baya, muna ganin ƙeyarsu da inda suka manne da kara. Masu zanen farkon ƙarni na 17, irin su Ambrosius Bosschaert wanda ya rasu a 1621, kan jera furanni kowanne na fuskantar mai kallo, a sarari, babu wanda ya tare wani. Aikinsu na da kyau, amma a tsaye yake ƙyam. Nata yana da ciki da baya, ana jin iska za ta iya ratsa shi.

Ga kuma abin da ya fi komai muhimmanci a wurina, wanda zan sa a farkon rubutun bango: irin wannan damin bai taɓa tsayawa a tebur ba. A Holan furen tulif na fitowa ne bayan sanyi, wajen Afrilu. Wardi sai tsakiyar shekara. Wasu sai dab da kaka. Amma a zane-zanen nan za ka same su a tulu guda, duka a buɗe. Mai zanen kan zana kowanne a lokacinsa, ko ta yi masa ƙaramin zane ta ajiye har ranar da za ta buƙace shi, sannan ta haɗa su a ƙyalle yadda take so. Shi ya sa aiki ɗaya kan ci watanni. Abin da mai saye ya rataya a ɗakinsa shekara ce guda ta kallo aka tara masa wuri ɗaya, kuma a tsakiyar sanyin Turai, lokacin da babu ko ganye a waje, yana da lambu a bango.

Maganar tulif ta sa ɗalibai tambaya, don sun ji labarin haukar cinikinsa. Daga ƙasar Turkiyya ya shigo Turai, masanin tsirrai Carolus Clusius ya shuka shi a lambun jami'ar Leiden a ƙarshen ƙarni na 16, farashin wasu irinsa ya yi tashin gwauron zabi har kasuwar ta rushe a Fabrairun 1637. Wannan duk kafin haihuwarta ne da kusan shekara 30. Masu ratsin ja da fari da aka fi so ɗin nan, cuta ce ke sa musu ratsin, wadda ƙananan ƙwari ke yaɗawa, amma ba a gano haka ba sai a ƙarni na 20.

10 Maris 2025

Azumi ya rage mini aikin rana, sai bayan asuba nake ɗan taɓawa kafin zafi ya taso. Ganyen ƙasa kawai na yi.

A 16 ga wannan watan za a rufe baje kolin ayyukanta a gidan Alte Pinakothek na birnin Munich a Jamus, sannan a kai shi Toledo da Boston a Amurka. Shi ne babban baje koli na farko da aka keɓe mata ita kaɗai, shekara 274 bayan rasuwarta. Matar da sarakuna ke jiran aikinta a layi, sai yanzu. Abin ya tsaya mini a rai. Haka kuma sai a 2021 gidan Rijksmuseum na Amstadam ya rataya aikin mata a babban zaurensa na girmamawa, nata da na Judith Leyster da Gesina ter Borch.

6 Afrilu 2025

An sha Sallah, na dawo aiki sosai. Yanzu nake kan abin da ke sa furanninta su yi kamar haske na fitowa daga cikinsu. Ba a haɗa launin ƙarshe a faranti a shafa sau ɗaya. Ana fara yin furen da fari da toka-toka, a bari ya bushe, sannan a bi shi da jan fenti da aka tsinka da mai har ya zama kamar ruwa, a bari ya bushe, a sake bi. Haske na ratsa jan ya daki farin da ke ƙasa ya dawo. Kamar yadda marini ke tsoma ƙyalle a karofi ya fitar ya sha iska ya sake tsomawa, kowane zagaye na ƙara zurfin launi, kuma babu hanyar gaggauta shi.

Kayan da ta yi aiki da su sun zo daga nesa. Farinta na dalma ne. Jan da ake tsinkawa ana samun mafi kyawunsa daga wani ƙwaro da ke rayuwa a jikin tsiro mai ƙaya a Meziko. Shuɗi mafi tsada daga wani dutse ne da ake haƙowa a Afganistan, a niƙa. Akwai kuma baba, wanda mu ma mun san shi. Ni fentin kwalba na kanti nake amfani da shi, farina kuma ba na dalma ba ne, don dalma guba ce kuma yara na shiga ɗakin. Farin zamani ya fi sanyi da kauri, sai na riƙa sa masa ɗigon rawaya.

Kore ne ya tsayar da ni. Masu zanen Holan kan samu kore ta hanyar shafa rawaya mai tsinkakken jiki a kan shuɗi, kuma rawayar daga tsirrai ake yin ta, haske na cinye ta da shekaru. Shi ya sa a tsofaffin zane-zane da yawa za ka ga ganye ya koma shuɗi-shuɗi: rawayar ta tafi, shuɗin ya zauna. To wanne zan kwaikwaya, abin da ido ke gani yau ko abin da ta gani a 1700? Na yanke shawarar bin abin da ke gabana. Shi na gani da idona, ɗayan kuwa zato zan yi in jingina mata. Amma zan yi ƙaramin allo daban mai ganye biyu, ɗaya da rawayar ɗaya babu, a ajiye a gefe don ɗalibai su ga abin da shekara 300 ke yi wa launi.

4 Mayu 2025

Furannin tsakiya sun kusa kammala. Gurbin popin na bar shi yadda ta bar shi, kuma sai da na zo kansa na ga nauyinsa: bakin karan da aka yanke ɗan haske ne ƙarami, amma duk wanda ya shigo ɗakin, nan idonsa ke fara sauka.

A rubutu na iso aurenta. A 1693 ta auri Juriaen Pool, mai zanen fuskokin mutane. Sun haifi 'ya'ya 10. Wanda nake kwaikwaya ta yi shi ne shekara 7 da aure, gida cike da ƙananan yara. A 1701 aka karɓe ta cikin ƙungiyar masu zane ta Hague mai suna Pictura, mace ta farko da ta shiga. A 1708 Johann Wilhelm, basaraken da ke mulki daga Düsseldorf a Jamus, ya naɗa ta mai zanen fada, ya kuma yarda ta zauna gidanta a Amstadam tana aika masa aiki. Ta riƙe matsayin har rasuwarsa a 1716. Matarsa 'yar gidan Medici ce ta Italiya, ta wannan hanyar wasu ayyukanta suka isa birnin Florence. Autanta ta haife shi tana da shekara 47, aka sa masa sunan basaraken.

Kuɗin aikinta kan kai gilda 750 zuwa 1,200 a zane guda, alhali Rembrandt, mai zanen Holan da duniya ta fi sani, da wuya ya karɓi fiye da 500 a rayuwarsa. Duk da haka masana zane na zamanin sun ajiye zanen fure da kayan marmari a matakin ƙasa, suka ɗora zanen tarihi da na mutane a sama. Mata kuwa ba a barinsu su koyi zanen jikin mutum yadda maza ke koya, don haka ƙofar saman a rufe take gare su. Ta shiga ta wadda aka bar mata, ta yi aikin da masu matakin saman ba su kai kuɗinsa ba.

Wata ɗaliba da aka sa wa rana ta tambaye ni, “Malama, to yaya ta yi da yaran?” Na ce mata gidan masu hali ne, mijin ma sana'arsu ɗaya, ya san abin da ake nufi da a bar mutum da ƙyallensa. Ba na so in mayar da labarin wa'azin cewa kowace mace za ta iya in ta dage. Ta samu uba mai ilimi da ya kai ta koyo, da miji da bai tsaya mata a hanya ba, da masu saye. Waɗannan ma suna cikin tarihin, kuma iyayen ɗalibaina za su karanta shi ranar da muka buɗe ɗakin.

1 Yuni 2025

Ruwa ya sauka, ƙura ta kwanta, amma fentin ya ƙara jinkirin bushewa. Na yi amfani da jiran na duba sauran ayyukanta, musamman na baya-baya, inda tsirran ƙasashen zafi suka yawaita.

Mahaifinta ya koyar a lambun tsirrai na Amstadam, inda jiragen kamfanonin kasuwancin Holan ke kawo iri daga Asiya da kudancin Afirka da Amurka ta Kudu. Don haka ta zana furannin da yawancin Turawa ba su taɓa gani ba. Cikinsu akwai wani mai siffar tauraro daga kudancin Afirka, mai warin mushe, wanda ƙudaje ke yi wa barbara maimakon ƙudan zuma. Da na ga hotonsa na gane dangin: ɗan'uwan karan masallaci ne, wanda ke fitowa a wuraren duwatsu a nan ƙasar Hausa, shi ma furensa da wari. Na samo tushe guda na dasa a tukunya a bakin taga, in ya yi fure ɗalibai su zana shi daga ido.

Dole rubutun ya faɗi yadda tsirran suka isa can. Holan ta kafa zango a Cape, a ƙarshen kudancin Afirka, a 1652. Ta ƙwace sansanin Elmina da ke gaɓar Ghana ta yau daga hannun Fotugal a 1637, daga nan aka yi ta lodin bayi zuwa gonakin rake na ƙetaren teku. Arzikin da ya sa attajirin Amstadam ke iya biyan gilda 1,000 don hoton fure, wani kasonsa daga nan ya fito. Ban ga dalilin ɗora mata laifin a kanta ita kaɗai ba, ban kuma ga dalilin share shi daga bango ba. Sakin layi guda zan ba shi, a rubuta shi a sarari.

29 Yuni 2025

Ƙananan abubuwa: jijiyoyin ganye, ramukan da tsutsa ta ci, ƙwari. Burushin da nake riƙewa yanzu gashinsa bai fi a ƙirga ba. Nan ne tarbiyyar gidan likita ke fitowa fili, don ƙwaronta ba ado ba ne da aka ɗiga don cike wuri, masanin ƙwari na iya duba shi ya faɗi irinsa.

A ayyukanta na ƙuruciya ta bi sawun Otto Marseus van Schrieck, wanda ke zana gindin itace a daji da ƙadangaru da katantanwa da malam-buɗe-littafi. Masu wannan salon kan danna ainihin fiffiken malam-buɗe-littafi a kan ɗanyen fenti don ƙurar launinsa ta manne, su kuma dangwala soso ko gansakuka don fitar da laushin ƙasa. Ban yi niyyar gwada na fiffiken ba.

Wasu ɗalibai sun ce su furen za su zana, ba za su sa ƙwari ba, saboda maganar zanen abu mai rai. Na ce musu babu laifi, kowa ya tsaya inda zuciyarsa ta natsu. Fure da ganye da tulu kaɗai sun isa su koya wa mutum haske da inuwa na shekaru.

20 Yuli 2025

Jiya na ajiye burushi. Ban sa sunanta a ƙasa ba, na rubuta a bayan ƙyallen cewa kwaikwayo ne, da sunana da shekara. Da na jera shi da hoton asalin, bambancin da ya fi fitowa a gefunan furanni yake. Nata suna narkewa cikin duhu a hankali har ba ka san inda suka ƙare ba, nawa suna da iyaka. Wannan sai hannun da ya shekara 20 yana yi, kamar yadda nata ya yi kafin 1700.

Babin ƙarshe na rubutun ya rage. A 1723 ita da mijinta suka ci gilda 75,000 a cacar tikiti ta hukuma. Ba abin da zan yaba wa ɗalibai ba ne, amma ya shiga tarihin don ya nuna cewa daga nan ba neman abinci ke sa ta zane ba. Salo ma ya juya: Jan van Huysum, wanda ta girme shi da shekara 18, ya kawo zanen furanni mai hasken baya, kasuwa ta bi shi, ita ma ta ɗan sassauta duhunta a ayyukan tsufa. Mijinta ya rasu a 1745. Ta ci gaba, har takan rubuta shekarunta kusa da sa hannunta. Akwai na 1747 da ta rubuta 83. A 1750 mawaƙan ƙasar suka tara waƙoƙin yabonta a littafi guda, a shekarar kuma ta rasu a Amstadam tana da 86.

Zanen zai zauna aƙalla wata 6 kafin a shafa masa man sheƙi na ƙarshe, don in aka yi gaggawa fentin da ke ƙasa bai gama bushewa ba, sai ya tsattsage. Wato sai Janairu, cikin hunturu kuma, don haka zan nemi ɗaki mai rufi sosai. Kafin nan akwai allon ganye biyu da ban fara ba, da gyaran rubutun don kada ya wuce shafi 2, da firam da kafinta ya ce sai bayan damina katako zai bushe. Karan masallacin ya kama, ya fitar da sabon reshe, bai yi fure ba tukuna.